Aikin jiha, NGO, asibitin kuɗi ko jiran na tarayya: wanne sabuwar nas za ta kama a Zamfara?

Ƙannena da kuka gama karatun nas, ko a kwalejin Gusau ko Birnin Kebbi ko Sakkwato, kuka ci jarabawar kansil, wato hukumar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, lasisi ya fito, wannan maganar taku ce. Zan riƙa cewa "ke" don mata sun fi yawa a cikinmu amma maza ma ku saurara, in ban da zancen hutun haihuwa duk sauran ya shafe ku. Ƙofofin da ke gabanki a wagga jiha ba su wuce huɗu ba, aikin gwamnatin jiha, aikin NGO wato ƙungiyoyin agaji, asibitin kuɗi, sai zaman jiran asibitin tarayya wato FMC Gusau, akwai ta fita waje amma ita sai an ɗan yi shekaru ana aiki tukuna. Abin da na lura kusan kowa da albashi kaɗai yake auna su, nawa ake biya can nawa ake biya nan, shi ke nan an yanke hukunci. Albashi na da muhimmanci wallahi, ba wanda zai ce miki ba shi da shi a wannan tsadar, amma akwai abubuwan da sai kin shiga za ki gane sun fi shi nauyi, wace irin takarda aka ba ki, ku nawa ne a dutin dare, wa zai tsaya miki ranar da allura ta soke ki ko ɗan'uwan maras lafiya ya ɗaga miki hannu, da kuma ko za a bar ki ki koma makaranta.

Bari in fara da na jiha don shi ne wanda aka fi rainawa kuma ni shi nake ba mafi yawanku shawarar ku kama in ya samu.

Aikin jiha iri biyu ne kuma mutane na haɗa su, akwai na manyan asibitoci irin su janaral na ƙananan hukumomi da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, akwai kuma na matakin farko wato ƙananan asibitocin mazaɓu, kin san muna da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Kafin ki yi murna ki duba wace hukuma ce ta sa hannu a ofa ɗinki, wato takardar ɗaukarki aiki, kuma daga wace aljihu albashin zai riƙa fitowa, na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, don ba ɗaya ba ne wajen ƙarin girma da alawus da saurin biya. Abin da ya sa takardar gwamnati ke da daraja shi ne kalmomin nan da ke cikinta cewa aikin na dindindin ne mai fansho. Za ki yi shekara biyu na gwaji sannan a tabbatar da ke, daga nan ba mai korar ki da baki, sai an ba ki kwiri, wato takardar tuhuma, a rubuce kin amsa an zauna kwamiti, ƙarin girma a ƙa'ida duk bayan shekara uku ne a matakan tsakiya ko da yake kin san yadda ake jan ƙafa a kai kuma wani lokaci takardar ƙarin girman ta fito kuɗin bai biyo ba sai an daɗe. Amma babban abin shi ne hutun ƙaro karatu da albashi, wannan fa babu shi a NGO babu shi a asibitin kuɗi, zan dawo kansa.

Kuɗin kuma gaskiya ba ya kai na tarayya. Tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS na gwamnatin tarayya ne, kowace jiha ita ke yanke nawa za ta ɗauka daga ciki da lokacin da za ta fara, shi ya sa za ki ga nas biyu da suka gama aji ɗaya, ɗaya a FMC ɗaya a janaral, tazarar titi kaɗan tsakaninsu amma alat ɗinsu ya sha bamban. Zamfara ta daɗe a baya wajen albashi, mafi ƙarancin albashi na 30,000 da aka sa wa hannu tun 2019 sai a 2024 aka fara biyansa a nan, a shekarar da tarayya ta koma 70,000, maƙwabtanmu Kebbi kuma suka sanar da 75,000. Garatuti ma an tara bashinsa tun daga 2011 sai gwamnatin Dauda Lawal ta zo ta kama biya, kuma a Janairun 2024 gwamnan ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya bayan ya ga halin da babban asibitin Gusau ke ciki, an yi gyare-gyaren gine-gine tun daga lokacin. To gini abu ne mai kyau amma gini ba ya yin dutin dare, ƙarancin hannu yana nan. Kar ki yarda da "an ce" a zancen albashi, ki nemi wata da ke matakin da za a ɗauke ki ta nuna miki takardar albashinta ki ga abin da ke shiga bayan an cire na cirewa.

Yanayin aikin kuwa kar in ɓoye miki. A janaral da yawa na wajen Gusau za ki iya samun kanki ke kaɗai ce nas a wod da dare, ke da atenda ɗaya, mai naƙuda ta zo da jijjiga ga wani an kawo da harbin bindiga ga yaro na suma da zazzaɓi, likita ɗaya ne a garin kuma tun safe yake tsaye, wuta ta ɗauke ki kunna fitilar waya ki sa kanula, safar hannu sai kin rubuta wa 'yan'uwan maras lafiya sun sayo. Za ki koyi aiki da sauri ƙwarai, hannunki zai faɗa cikin wata shida fiye da na wadda ta shekara biyu a inda komai akwai mai yi. Amma akwai hatsari a ciki da ba a cika faɗa ba, idan babu babba a kanki da zai gyara miki to kuskurenki ma zama zai yi ya zama al'ada, ki saba ba da magani ba ki rubuta ba, ki saba yin abin da ya wuce hurumin lasisinki don babu mai yi, ranar da abu ya ɓaci kuma takarda za a duba ba niyyarki ba. Shi ya sa in an tura ki wuri abu na farko ki nemi tsohuwar matiron ko wata sista mai tsantseni ki manne mata, ko da tana da faɗa, masu faɗan nan su ne suka iya aikin.

Sai zancen fostin, wanda shi ne ainihin abin da ke sa iyaye su ce a'a. Ofa ta jiha na nufin za a iya tura ki ko'ina, Shinkafi, Zurmi, Ɗansadau, Anka, Maradun, Bukkuyum, kuma duk mun san halin hanyoyin nan, an sha sace ma'aikatan lafiya a jihar ga. Ban yarda da masu cewa ki karɓi ofa ki ƙi zuwa kina cin albashi daga gida ba, wannan zalunci ne ga matan ƙauyen da ke mutuwa wajen haihuwa kuma in aka yi tantancewa sunanki ne zai fita. Amma kina da haƙƙin ki tambayi masauki a cikin asibiti ko kusa da shi, ki nemi a tsara rosta yadda ba sai kin riƙa bin hanya kullum ba, ki rubuta neman canjin wuri ta hannun shugabanki in akwai dalilin aure ko lafiya, a rubuce fa, ki ajiye kwafi. Waɗanda garinsu ne can su ne suka fi dacewa da wuraren, kuma su ne ya kamata gwamnati ta fi lallaɓawa da alawus na ƙauye mai tsoka.

Yanzu NGO. A Zamfara mun san su fiye da jihohi da yawa, tun 2010 lokacin gubar dalma a Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma inda yara sama da 400 suka rasu, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shigo ta daɗe tana wannan aikin har ta miƙa shi a 2022, sannan ga aikin tamowa da na yara da take yi a wurare irin su Shinkafi da Zurmi da Gummi da Talata Mafara, a Kebbi ma tana Maiyama. Akwai wasu ƙungiyoyin kuma, manya da ƙanana, da ƙananan na gida da ke karɓar aiki daga hannun manyan.

Abin da zan yaba musu da zuciya ɗaya shi ne tsari. Nas ɗin da ta yi shekara ɗaya a wod ɗin tamowa na ƙungiya mai kyau za ki gane ta daga yadda take rubutu, ta san auna madarar jinyar tamowa ta F-75 da lokacin komawa ta F-100, ta san sa bututun hanci, ta san yaron tamowa ba a antaya masa ƙarin ruwa yadda ake yi wa babba don zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ta san duba sukari da ɗumin jiki da tsakar dare, kuma akwai sufabaiza da ke bin fayil ɗinta yana tambaya me ya sa. Kayan aiki akwai, safar hannu akwai, oksijin akwai, in allura ta soke ki akwai tsarin da za a bi a ba ki maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ba sai kin yi ta yawo kina roƙo ba. Albashi ya fi na jiha kuma yana shigowa a kan lokaci, da yawa suna haɗawa da inshorar lafiya. Wannan duk gaskiya ne kuma shi ya sa yara ke rububinsa.

Amma ki karanta kwantiragin. Wata uku, wata shida, in ya yi tsawo shekara ɗaya, kuma akwai layin da ke cewa sabuntawa ya danganta da samuwar kuɗi. Wasu ma na damina ne kawai, a ɗebi ma'aikata daga wajen Yuni lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro ke tashi, kaka ta yi a sallame su. Aikin NGO kamar tafki yake, da damina ya cika ya batse har ki manta da rijiya, rani na yi ya ƙafe, na gwamnati kuwa rijiya ce mai wuyar ja amma tana nan. Kowa ya ga abin da ya faru a Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje daga baya kuma aka rushe hukumar tallafinta ta USAID, ma'aikatan lafiya da yawa a Najeriya da ke ƙarƙashin ayyukan da kuɗin Amurka ke ɗauka sun kwana da aiki sun tashi babu, ba laifin da suka yi. MSF ba ta dogara da kuɗin gwamnatin Amurka ba don mafi yawan kuɗinta daga ɗaiɗaikun masu ba da gudummawa ne, amma ita ma tana buɗe aiki ta rufe, kuma in tsaro ya taɓarɓare tana janye ma'aikata kamar yadda ta yi a Zurmi a Disambar 2023. Don haka tambayar da za ki yi a intabiyu ba nawa za a biya ni kaɗai ba ce, ki tambayi wa ke ba da kuɗin aikin kuma yaushe zai ƙare.

Wani abin da ba a lissafawa, shekarun da kika yi a NGO ba sa shiga lissafin fanshon gwamnati, in kika yi shekara bakwai can sannan kika dawo jiha to ƙawarki da ta shiga tun farko ta riga ta haye ki da mataki biyu, wataƙila ma ita ce incaj ɗinki, shugabar wod. Fanshon da za ki samu a can shi ne na asusun ajiya, dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinki mai aiki ya ƙara kashi 10, to ki buɗe asusun da kanki ki riƙa duba alat ɗinsa, manyan ƙungiyoyi na sakawa amma ƙananan da ke karɓar aiki daga hannunsu wasu sai su cire ba su tura ba. Sannan ba a ba da hutun karatu na wata 18, in kina son fos-besik, wato karatun ƙwarewa bayan na nas, sai dai ki ajiye aikin. Kuma nauyin zuciya, a watan Agusta a wod ɗin tamowa za ki iya rufe yara fiye da ɗaya a duti guda, ki fito ki kasa cin abinci, wannan ba kowa ke iya jure shi shekara da shekaru ba kuma ba rauni ba ne in kin ji ya yi miki yawa.

Ga wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba sai sun shiga. Yawancin ƙungiyoyin nan ba asibitin kansu suke ginawa ba, a cikin asibitin gwamnati suke aiki, kuma wani ɓangare na ma'aikatan wod ɗin ma'aikatan gwamnati ne da ake ba su alawus a kan albashinsu. Ma'ana wadda ta karɓi ofa ta jiha aka tura ta irin wannan asibitin tana iya samun horon ƙungiya da kayan aikinta da ɗan ƙarin kuɗi, ranar da ƙungiyar ta naɗe kayanta kuma aikinta na nan. A wurina wannan ya fi kowane zaɓi da ke cikin jihar in ban da na tarayya, kuma abin lura wuraren da kowa ke gudun a tura shi su ne wuraren da ƙungiyoyin suke. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne riƙe cikakken aiki biyu a ɓoye, na gwamnati da na NGO, in aka gano za ki iya rasa duka biyun.

Asibitin kuɗi ba zan daɗe a kansa ba. Mafi yawansu a Gusau suke, sai ɗaiɗaiku a Kaura Namoda da Talata Mafara da sauran manyan garuruwa. Akwai na kirki, inda likita ke koyarwa kuma za ki shiga tiyata ki ga aiki, ga shi kusa da gida ba zancen hanya. Amma da yawa albashin bai taka kara ya karya ba, awa goma sha biyu a tsaye, babu takarda, ranar da kika yi ciki sai a ce ki huta a nemo wata. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ki sharuɗɗan aikin a rubuce, ta kuma ba mai haihuwa sati 12 da aƙalla rabin albashi in ta cika wata shida tana aiki, ki san wannan ko da ba za ki kai kowa kotun ma'aikata ba, sanin kaɗai na canja yadda ake yi miki magana. Abin da ya fi damuna a can shi ne 'yan ogzilari, yaran da asibiti ke koya wa allura a sa musu farin kaya, kansil ba ta san da su ba, kuma sau da yawa ke ce kaɗai mai lasisi a dutin, in ɗaya ta yi allura a inda bai dace ba ƙafar yaro ta shanye sunanki ne ke kan rosta. Kar ki taɓa barin asalin lasisinki ko satifiket a hannun mai asibiti, kwafi ya ishe shi, kuma kar ki bari a yi rajistar wuri da sunanki alhali ba kya zama a wurin. Ki ɗauki asibitin kuɗi wurin riƙe hannu kafin wani abu ya fito.

Haka zancen bolantiya a asibitin gwamnati, a ce ki riƙa zuwa kyauta in an tashi ɗauka za a fara da ku. Yana hana hannu mutuwa, gaskiya ne, amma ki sa wa kanki wa'adi kuma ki karɓi takarda daga shugabar nas-nas da ke nuna daga yaushe zuwa yaushe kika yi, don akwai waɗanda suka shekara da shekaru a haka aka zo ɗauka aka kawo wasu daga sama. Kuma in wani abu ya same ki a bakin aiki ba sunanki a ko'ina.

Na tarayya kowa ya san shi ne ake so. Cikakken CONHESS, alawus na shifti, alawus na hatsari wanda ya daɗe a naira 5,000 kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021, inshorar lafiya ta ƙasa, hutun haihuwa sati 16, ba mai tura ki ƙauye, ga kwansaltan ga sassa daban-daban da za ki zagaya ki ga wanda ya dace da ke. In ya samu ki karɓa ba sai kin yi shawara da kowa ba. Matsalar ita ce ba a ɗauka kullum, sai an samu izini daga Abuja, ga rabon gurabe tsakanin jihohi, ga masu uwa a gindin murhu, wasu kuma a ɗauke su lokum, wato na wucin gadi, su yi ta aiki ba tabbas. Nan ne 'yan damfara ke cin kasuwa, wani ya ce ki kawo kuɗi yana da silot, iyaye su sayar da gona ko shanu a kawo takardar bogi, don Allah kar ku biya. Kuma can ɗin ma ba a rasa kuka, ai nas-nas na asibitocin tarayya ne suka shiga yajin aikin gargaɗi a ranar 30 ga Yulin 2025 a kan alawus na shifti da na yunifom da ƙarancin ma'aikata da neman a ba aikin jinya sashensa a ma'aikatar lafiya, aka janye bayan 'yan kwanaki da aka zauna da gwamnati.

Kuskuren da nake gani shi ne zaman gida ana jiran FMC shekara biyu uku, hannu na mutuwa, lasisi na ƙarewa. Alhali wadda ke aikin jiha aka tabbatar da ita, in ta samu na tarayya tana iya neman a mayar da aikinta can ta hanyar da ta dace shekarunta su bi ta, ba sai ta fara daga sifili ba. Kin ga karɓar na jiha bai rufe miki waccan ƙofar ba.

Zancen karatu da na ce zan dawo kansa, shi ne ya sa na fi karkata ga gwamnati. RN, wato takardar cikakkiyar nas, ita kaɗai yanzu ba ta isa. Kina buƙatar ungozoma ta wata 18 in ba ki haɗa da ita ba, ko wani fannin, taɓin hankali a Kware nan kusa da mu, ƙashi a Dala ta Kano, ido a Kaduna, ko aikin tiyata da sa barci da kula da masu tsananin ciwo a asibitocin koyarwa, kuma masu irin wannan takardar su ne ake nema ruwa a jallo a jihar ga. Sannan digiri, don a tsarin aikin gwamnati wadda ba ta da shi akwai inda za ta kai ta tsaya, kujerun mataimakin darakta zuwa sama na masu digiri ne, ana iya yin sa daga nesa ta ABU Zariya ko buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN kina aikinki. Duk wannan sai wurin da zai sake ki ki tafi ki dawo ki tarar da kujerarki. Ƙannena da suka yi kwaminiti nas ko kwaminiti midwaif na shekara biyu, ku kam maganar ta fi shafar ku, lasisinku na aikin karkara ne, hanyarku ita ce ku shiga gwamnati ku yi wa al'ummarku aikin da aka horar da ku dominsa sannan ku nemi komawa ku cike zuwa cikakkiyar nas ko ungozoma. Kuma kowa ya tuna lasisi duk shekara uku ake sabunta shi kuma sai an halarci bitar ƙarin ilimi ta dole da ake kira MCPDP, ko ina kike aiki wannan a wuyanki yake.

Masu tunanin Saudiyya ko Ingila, ban ga laifinku ba, magatakardan kansil da kansa ya faɗa a 2024 cewa nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A Fabrairun shekarar ne kansil ta fito da sharaɗin sai an yi shekara biyu ana aiki kafin ta tantance wa mutum takardunsa na fita, har aka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ko da wannan sharaɗi ko babu, Saudiyya za ta sa ki rubuta jarabawar Prometric kuma kamfanin tantance takardu na DataFlow zai bi diddigin inda kika ce kin yi aiki, Ingila kuma ga jarabawar Turanci ta IELTS ko OET, ga ta kwamfuta CBT, ga ta gwajin aiki OSCE. Abin da za a tambaya shi ne shaidar aiki daga asibitin da za a iya tuntuɓa ya amsa, to nan ma janaral ko FMC ko babbar ƙungiya sun fi ƙaramin asibitin kuɗin da ba shi da ko imel. In jiha ce ta ɗauki nauyin karatunki kika sa hannu a bon, wato alkawarin yi mata aiki bayan karatu, ki gama shekarunki kafin ki tafi.

Wa zan ce ya tafi NGO kai tsaye? Wanda ba ofa ta gwamnati a hannunsa, wannan ba ma sai an faɗa ba, ya tafi ya koyi aiki ya riƙa cike fom ɗin gwamnati duk sanda aka buɗe. Sai wanda nauyin gida ya yi masa yawa yanzu-yanzu, marayu a hannunsa ko iyaye sun baro ƙauye saboda 'yan bindiga suna haya a Gusau, shi kam bambancin albashin nan ba ƙaramin abu ba ne, amma ya riƙa ware wani abu duk wata don ranar da kwantiragi zai ƙare. Sai kuma wanda ya riga ya san so yake ya yi nisa a aikin agaji, ya zama sufabaiza ya zama mai kula da shiri har a tura shi wata ƙasa, wannan hanya ce ta gaske kuma akwai 'yan arewa da suka bi ta, sai dai tana son Turanci mai kyau da kwamfuta da iya rubuta rahoto, ya fara gyara su tun yanzu. In ba kya cikin waɗannan kuma ga ofa biyu a gabanki, ta jiha da ta wata shida a NGO, ni dai ta jiha zan ce ki ɗauka.

Duk inda kika faɗa, ki shiga ƙungiyarmu ta nas-nas da ungozomomi, NANNM, ki riƙa zuwa taro ba cire kuɗin wata kaɗai ba, don ranar da aka mare ki a wod ko aka riƙe miki albashi ko aka ɗora miki laifin da na rashin kayan aiki ne, shugaban reshe ne zai shiga ofis tare da ke, a gwamnati ƙungiyar na da ƙarfi, a NGO da asibitin kuɗi kusan ke kaɗai ce sai abin da kwantiragi ya ce. Ki buɗe fayil a gida tun ranar farko, ofa, takardar kama aiki, ta fostin, ta tabbatarwa, kowace takardar albashi, ki kuma ɗauki hotonsu ki tura wa kanki a imel, don fayil na ɓata a ofis kuma ranar tantancewa ba a sauraron labari. In allura ta soke ki ko aka ji miki rauni a bakin aiki ki rubuta rahoto a ranar, incaj ta sa hannu, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan amma ba ta aiki sai da shaidar cewa a wurin aiki abin ya faru.